Neman kalma: me za mu kira "nostalgia" da Hausa?

1/ Wani zanen Norman Rockwell, mai zane ɗan Amurka, ne ya jawo wannan neman, wanda ya fito a bangon mujallar Saturday Evening Post ta ranar 29 ga Disamba, 1956. Yaro ne cikin kayan barci, ya jawo aljihun ƙasa na durowar mahaifinsa, sai ga jar rigar Baba Kirsimeti (dattijon da ake ce wa yara shi ke kawo musu kyauta daren Kirsimeti) da farin gemun ƙarya. Ya juyo ya zaro ido, baki buɗe. A ƙasa ƙwayoyin kafur sun warwatsu, alamar kayan sun daɗe a ajiye. Yanzu ya gane wanda ke ajiye masa kyauta cikin dare.

2/ Abin da Amurkawa ke ji in sun kalli wannan zane shi suke kira nostalgia. A neman Hausarsa, wani Malam ya kawo "tuna baya", wata Hajiya ta kawo "kewa". Ku lura, ba yaron ke jin sa ba. Babba ne mai kallo, wanda ya taɓa yarda da Baba Kirsimeti, ya san ba zai ƙara yarda ba, kuma tunawar tana yi masa daɗi da ciwo lokaci guda.

3/ Asalin kalmar sunan cuta ne. Wani ɗalibin likitanci, Johannes Hofer, ya ƙirƙiro ta a birnin Basel na Suwizalan a 1688 daga kalmomin Girkanci biyu, komawa gida da ciwo, don halin da mutanen Suwizalan, musamman sojojinsu, ke shiga a ƙasashen waje. Da nan ta tsaya, "kewar gida" ta wadatar da mu. Amma ma'anar ta tashi daga wuri ta koma kan lokaci.

4/ Malam, na ga ka kawo "tuna baya". Ta kusa, sai dai aikin ƙwaƙwalwa ne kawai. Mutum yana tuna baya ya tuno bashi ko ranar da aka zage shi. "Ɗoki" kuma gaba yake kallo, kamar na yaro ranar jajibere.

5/ Hajiya, "kewa" da kika kawo ita ce ta fi ba ni wahalar kayarwa. Akwai ciwon a cikinta. Amma kewa nauyi ce zalla, ba wanda ke neman ta da gangan. Shi kuwa wannan abin mutane nemansa suke yi: har yau ana zuwa gidan tarihin Rockwell a Stockbridge, jihar Masacusit, don a tsaya gaban zanensa na 1967 na babban titin garin cikin dusar ƙanƙara, shaguna na haske, a ji shi.

6/ Shi ya sa na tsaya kan "begen da". Bege ƙauna ce ga abin da ba ya kusa, kuma mai bege ba ya son a raba shi da begensa. "Da" kuma ta ɗaure shi da zamanin da ya wuce, kamar a "mutan da".

7/ Na gwada ta a baki: "Zanen nan yana tayar da begen da." "Jin gangar 'yan tashe ya sa ni begen da." Duka sun zauna. Matsala ɗaya ita ce rubutu, don mai karatu zai iya ɗauka jimlar ba ta ƙare ba. Inda ake tsoron haka, a rubuta "begen zamanin da". Ga wannan zane kuwa, "begen ƙuruciya" ya fi dacewa.