Za a iya tashi daga Kano a hau dutsen Shere a dawo rana ɗaya?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani shawara nake nema. Ni da abokaina mun daɗe muna son zuwa Jos mu hau duwatsun Shere, shirinmu shi ne ana idar da sallar asuba ranar asabar mu kama hanya da motar ɗaya daga cikinmu, mu hau har can sama mu sauko mu dawo Kano mu kwana a gida, saboda akwai masu shago a Kwari a cikinmu kuma ba sa son barin shagon a rufe. Duk cikinmu ba wanda ya taɓa hawa abin da ya wuce Dala da Goron Dutse amma dai matasa ne muna buga ƙwallo. To shin hakan zai yiwu? kuma me ya kamata mu riƙe? Wlh abin yana raina sosai, ba na son mu fasa.

Baban Khalifa:
Wa alaikumussalam. Ƙanena kar ku fasa, amma wannan shirin na rana ɗaya ku ajiye shi. Na zauna a Jos shekaru kafin na dawo gida, bari na yi maka lissafin da kanka za ka gani.

Daga Kano zuwa Jos in ka bi ta Kwanar Ɗangora, Tudun Wada, dajin Falgore, Saminaka, tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce in mota lafiya kuma ba a tsaya ba, kuma kai ma ka san sai an tsaya. Ke nan ko kun tashi ƙarfe shida sai wajen sha ɗaya za ku shiga gari, sannan Shere tana gabas da Jos kamar kilomita 10, kafin ku sami mai raka ku ku fara hawa rana ta take. Lokacin da masu hankali suke tunanin saukowa ku lokacin za ku fara.

Sannan kar Dala ta ruɗe ku. Ana cewa tsayinta mita 534 amma wannan daga bakin teku ake aunawa, garin Kano shi kansa ya haura mita 400, abin da kake hawa da ƙafarka kaɗan ne kuma ga matakala an gina maka, minti nawa ne ka kai. Shere kuwa ƙololuwarta wajen mita 1,829, Jos ɗin tana wajen mita 1,200, to ka ga tazarar da ke tsakani, kuma ba matakala ko ɗaya, manyan duwatsu ne a kan juna, wani wurin sai ka kama da hannu ka ja jikinka, wani wurin ka ratsa tsakanin dutse biyu da gefe, wani wurin ka ɗauka ka iso sai ka ga wani tudun a gabanka.

Abin da ya fi damuna ma ba dutsen ba ne, dawowar ce. Mutumin da ya wuni yana hawa ƙafarsa na rawa shi za ku ba sitiyari da daddare ya ratsa Falgore? Haba. Ko direbobin haya da suka san hanyar ba sa son dare ya yi musu a dajin nan. Ku tafi juma'a da safe ku yi sallar juma'a a Jos ku kwana, asabar da sassafe ku hau, ku sake kwana, lahadi ku dawo da rana tsaka. Kuma kar ku hau ku kaɗai, akwai cibiyar horaswa ta 'yan Man O' War a wajen, ku tambaya a haɗa ku da ɗan jagora wanda ya san hanya ku biya shi haƙƙinsa.

Hajiya Maman Ilham:
Ɗana ka ji maganar Baban Khalifa. Ni ban san Shere ba amma na hau Jabalun Nur lokacin da muka je Umra, har kogon Hira, kuma abin da ba wanda ya faɗa mana tun daga ƙasa shi ne saukowa ta fi hawa wuya. Wajen hawa numfashi ne kawai, ka tsaya ka huta ya dawo. Wajen saukowa kuwa duk nauyinka a gwiwa yake sauka, cinya ta dinga karkarwa ba ka iya tsai da ita, a nan na ga samari majiya ƙarfi suna zama a kan dutse sun kasa. Yawancin masu zamewa a saukowa suke zamewa saboda an gaji kuma ana sauri a isa. Dan Allah ku rage ƙarfinku na dawowa, kar ku ƙarar da shi duka a hawa. Ku nemi sanda mai ƙwari kowa ya riƙe, ba tsufa ba ne. Allah ya tsare ya kai ku lafiya.

Sarkin Yawo:
ni dai a ganina in dole sai rana ɗaya kuke so to ku fara da Kufena a Zariya mana, awa biyu ne daga Kano ko da ɗoriya kaɗan, ku je ku hau ku sauko kafin la'asar kuna gida, daga nan za ku san waye mai ƙarfi waye mai baki a cikinku kafin ku ɗauki Shere. ƙwallo daban hawan dutse daban wlh, tsokar da ke aiki ma ba ɗaya ba ce. kafin ranar ku dinga zuwa Dala da safe da jaka a baya an sa mata robobin ruwa, ku hau ku sauko ku sake hawa har sai kun ji a jikinku, ku yi haka na wasu makonni.

batun kaya kuma, kambas mai ƙasan roba da ke kama dutse, ba sabo fil ba don sabo zai yi maka bororo tun ba a je ko'ina ba, da safa mai kauri, a yanke farcen ƙafa don wajen gangara yatsu suna dukan gaban takalmi. silifas ko takalmin fata mai santsi kar ma a fara. jakar goyo don hannu biyu su zama a sake. dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ayaba, gurasa. kilishi ku bar shi sai an sauko ƙishirwa yake sawa. tocila da fawa bank, hula, da rigar sanyi don Jos ba Kano ba ce musamman da asuba a hunturu. kuma dan girman Allah duk leda da robar da kuka hau da ita ku sauko da ita, abin yana min ciwo in na hau Dala na ga ledar fiya wata ko'ina.

Nas Ummi:
Ƙarin bayani ta ɓangaren lafiya. Ruwa kowa ya riƙe nasa, aƙalla lita 3, a dinga kurɓa kaɗan kaɗan tun kafin ƙishirwa ta zo, sanyin Jos yana sa mutum ya manta yana zufa. Ku tafi da ORS, wato haɗin ruwan gishiri da sukari, ko ku haɗa na gida, lita ɗaya na ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana taimakawa in tsoka ta fara ɗaurewa. Wanda ya fara jiri ko ciwon kai ko tashin zuciya a zaunar da shi a inuwa, in bai warware ba a sauko da shi, kar a ce ya daure.

Ka tambayi abokanka tsakani da Allah ko akwai mai sikila ko asma ko hawan jini, samari suna ɓoyewa don kar a raina su. Mai sikila gajiya da rashin ruwa da sanyi duk suna tayar masa da ciwon, ga su nan duka a wuri ɗaya, sai ya ga likitansa tukuna. Kar a zura hannu a kogo ko ƙarƙashin dutse ba a duba ba saboda maciji da kunama. In tsautsayi ya faru ba a ɗaure wurin tamau, ba a tsagawa, ba a tsotsa, a hana ƙafar motsi a ɗauke shi zuwa asibiti.

Ɗan Gwammaja:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya amin na gode. Anti Ummi kin taɓo wani abu, akwai ɗaya daga cikinmu da yake da asma, zan zauna da shi. Na tura wa sauran duk abin da kuka rubuta, masu shagon sun ce za su bar wa yaransu. Za mu fara da Kufena ɗin. Yaya Baban Khalifa wane wata ya fi dacewa da Shere? mun so mu yi cikin Agusta ne.

Baban Khalifa:
Agusta tsakiyar damina ce a Jos, dutse in ya jiƙe kamar an shafa masa karkashi yake, ga hazo yana rufe hanya ga tsawa, kuma saman dutse ne wuri mafi haɗari in ana walƙiya. Ku bari sai ruwa ya ɗauke, Nuwamba zuwa Janairu, Nuwamba ta fi min don ƙurar hunturu ba ta yi kauri ba za ku ga gari sosai daga sama. Ku fara hawa gari na wayewa, ku yanke lokaci tun daga ƙasa, misali ƙarfe ɗaya, in ya yi ko kun kai ko ba ku kai ba ku juyo, kuma ku tafi da tafiyar wanda ya fi kowa rauni a cikinku, kar a bar kowa a baya. Sabis yana ɗaukewa a wasu wuraren, ku sanar da wani a masaukinku lokacin da ya kamata ya gan ku. Azahar za ta iya riskar ku a sama, ku ware 'yar robar ruwan alwala daban da na sha, ku matafiya ne kuna da kasaru.