Ragar ƙarfen da aka sa wa Baba a zuciya: don me ba a karce ta kamar yadda muke yi kafin fenti?

Ɗanjuma Mai Fenti:

Salamu alaikum jama'a. Ni sana'ata fentin mota ce, shekara goma sha takwas ina cikinta a wajen Ƙofar Ruwa, don haka a yi min uzuri in tambayar ta zo da warin gareji. Wata biyu da suka wuce mahaifinmu ya faɗi da ciwon ƙirji bayan sallar asuba. Aka ce jijiyar zuciyarsa ɗaya ta toshe, aka zura masa wata 'yar ragar ƙarfe ta wuyan hannu, sitent suke ce mata. An nuna min irinta, ko kaurin ruwan biro ba ta kai ba, tana walƙiya kamar sabon cokali. Likita ya ce Baba zai sha asfirin da wani maganin hana jini daskarewa har shekara guda, kada ya kuskura ya tsallake, "sai nama ya rufe ƙarfen".

Nan ne kaina ya ɗaure. Mu a wajen aiki, duk wanda ya fesa fenti a kan ƙarfe mai santsi ya yi asarar kuɗinsa, ko damina ɗaya ba zai kai ba zai ɓare. Sai ka bi shi da samfefa, ya yi kaushi, sannan fenti ya samu abin kamawa. To in ana so nama ya kama ƙarfen da wuri, me ya sa aka goge shi sumul? Ko ni ne ban gane ba?

Injiniya Binta:

Wa alaikumus salam Malam Ɗanjuma. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Wallahi tambayarka ba ta gareji ba ce kawai, ita ce masu bincike suke ta fama da ita fiye da shekara ashirin. Ni kimiyyar ƙarafa na karanta, bari in faɗi abin da na sani.

Cikin jijiya akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ke tseren hawa ragar. Na farko su ne shimfiɗar ciki, masu santsi, waɗanda jini ke bi ta kansu ba ya daskarewa. Su ake so. Na biyu na tsokar bangon jijiya ne, in ragar ta ji musu ciwo sai su yi ta hayayyafa har hanyar ta sake tsukewa. Ragar farko da aka sa wa mutum a jijiyar zuciya a 1986, a Toulouse ta Faransa, zallan ƙarfe ce, kuma irin waɗannan kusan mutum biyu zuwa uku cikin goma jijiyarsu kan sake tsukewa. Daga 2002 aka fara shafa wa ragar magani, irin su sirolimus, don ya hana tsokar girma. Ya yi aiki, sai dai maganin bai san na gida da baƙo ba, har shimfiɗar da ake so yana jinkirta ta. Ƙarfen ya daɗe tsirara a cikin jini, shi ya sa Baba yake shan magani wata da watanni.

Yanzu ga samfefarka. Ƙwayar halitta ba ta taɓa ƙarfe kai tsaye. Da ragar ta shiga, furotin na cikin jini ne ke fara lulluɓe ta, ita kuma ƙwayar ta kama wannan furotin da wasu 'yan ƙugiyoyi da ke jikinta. Yadda fuskar ƙarfen take, shi ke yanke wane furotin zai zauna da inda ƙugiyoyin za su samu taruwa. Kuma ma'aunin nan nanomita ne: ka raba milimita ɗaya gida miliyan. Gashin kanka ya kai nanomita dubu saba'in ko fiye. A 2007, a Erlangen ta Jamus, an shuka ƙwayoyin halitta a kan titaniyam mai 'yan bututu a fuskarsa. Masu faɗin nanomita 15, ƙwayoyin sun kama sun yaɗu. Masu faɗin 100, da yawa mutuwa suka yi. Ƙarfe ɗaya, girman rami kawai ya bambanta.

Akwai kuma maganar layi. Tun 1999 Julio Palmaz, wanda sunansa ke kan ɗaya daga ragogin farko, shi da abokan aikinsa a San Antonio suka nuna cewa in aka ja siraran kwari a jere a kan ƙarfe, ƙwayoyin shimfiɗa sun fi saurin tafiya, suna bin kwarin kamar ruwa a kunya. A 2009 kuma ƙungiyar Tejal Desai a San Francisco ta ga 'yan bututun titaniyam suna ƙarfafa ƙwayoyin shimfiɗa, suna rage hayayyafar na tsoka. Abin da ake nema ke nan: ƙarfen da kansa ya zaɓi wanda zai hau shi, ba sai da magani ba. Ba da samfefa ake yi ba fa, da hasken leza ne, ko a tsoma ƙarfen a ruwan sinadari a sa masa lantarki.

Dakta A.:

Hajiya Binta ta yi bayani, amma bari in ɗan taka birki. Motarka ba a cikin jini take zaune ba, Malam Ɗanjuma. Kaushin da bai da tsari, ƙwayoyin da ke daskarar da jini ma suna son sa, kuma sun riga kowa isowa. Gudan jini a jijiyar da faɗinta milimita uku ne ba ya ba da lokaci. Don haka ake goge ragar da lantarki har ta yi sumul. Sannan ana matse ta a kan balan-balan, a hura ta buɗe, duk wani ado da ke fuskarta dole ya jure wannan miƙewar bai ɓantare ya bi jini ba. Yawancin sakamakon da ta ambata a farantin ɗakin gwaji aka same shi, wasu a dabbobi. Akwai dai ragar da ake amfani da ita, BioFreedom, wadda aka yi wa kaushi a gefen da ke kallon bangon jijiya don ya riƙe magani, gefen jini kuwa an bar shi da santsinsa. Abin da ya taimaka a zahiri shi ne sirantar da wayar ragar, daga wajen maikromita 140 (maikromita dubu ne milimita ɗaya) a ragar 2003 zuwa 80 ko 60 a yau.

Roƙona ɗaya: ko haƙori za a cire wa Baba, kada wani ya dakatar da maganin nan sai likitan zuciyarsa ya sani.

Ɗanjuma Mai Fenti:

Na gode Hajiya, na gode Dakta, Allah ya saka da alheri. Gefe ɗaya kaushi, gefe ɗaya santsi, ai wannan na gane shi, haka muke barin cikin ƙofar mota. Jiya na karanta wa Baba maganar ruwa a kunya, manomi ne, ya yi dariya har sai da ya dafe ƙirji muka tsorata. Dakta, azumi na tafe kuma ya rantse sai ya yi. Maganin sau ɗaya ne a rana, zai iya mayar da shi lokacin sahur ko sai mun koma asibiti an duba?