Neman kalmar Hausa: me za mu kira "bitter" ta Ingila? Ina da naɗi ranar Alhamis

Tafintan Rediyo:
Salamu alaikum. Aiki ya kai ni inda ban saba ba. Muna da shirin mako-mako kan tsofaffin sana'o'in duniya, mun yi marinar Ƙofar Mata, mun yi masu saƙar darduma na Farisa. Wannan makon an miƙo mini labarin Harvey's, wani tsohon gidan yin giya a garin Luwis, kudancin Ingila. Tun 1790 suke harkar, kuma har yau zuri'ar John Harvey ce ke riƙe da shi. Abin da suka yi suna da shi ana ce masa Sussex Best Bitter, tun 1955. Kalmar nan bitter ta fito sau 14 a rubutun. Na sa "giya mai ɗaci", da na karanta a bayyane sai na ji kamar ina tallan maganin shawara. Ku taimaka, ƙarfe 10 na safiyar Alhamis za mu naɗa.

Ɗan Fagge:
Bita. Ka hausantar da ita kawai ka huta.

Uwar Biyu:
Haba ƙanena. Mai sauraro ya ji "mutanen Luwis sun fi shekara 60 suna shan bita" ai cewa zai yi wani taron bita ne ya ƙi ƙarewa.

Ɗan Zongo:
Mu kuma a Kumasi in ka ce bita, hankalin kowa kan Alomo Bitters zai tafi, barasar nan ta saiwoyi. Na san ku ma a Najeriya akwai irinta birjik. Wancan abu daban, ƙarfinsa ya ninka na giya sau da yawa.

Baƙon Biraitin:
Bari in sa baki, don Luwis ba ta da nisa da inda nake, ina kai fasinja can. Ni ba na sha, amma shekara 11 ina jin hirar masu sha daga kujerar baya. Yallaɓai Tafinta, tarkon yana cikin sunan. Abin ba wani ɗaci gare shi na a zo a gani ba. A ƙarni na 19 masu dafawa suna kiranta farar giya, mashaya ne suka laƙaba mata bitter don su bambanta ta da wata mai zaƙi-zaƙi da ake sayarwa a kanta ɗaya. Wato ta fi 'yar uwarta ɗaci, shi ke nan. Ɗacin daga furen hof yake, wani tsiro mai yaɗo da ake nomawa a yankunan Kent da Saseks na kudancin Ingila, shi ke ba ta ƙamshi, yana kuma hana ta saurin lalacewa. Sauran kayan haɗin ruwa ne da tsiron sha'ir da yisti. Ƙarfinta kashi 4 cikin 100, ba ta kai yawancin giyar kwalba ta gida ba. Launinta kamar shayin da ba a sa wa madara ba.

Malam Nahawu:
To ai ga shi a fili. Tushen kalma ɗaci. Muna da maɗaci, itacen da kowa ya san ɓawonsa. Giya mace ce a nahawu. Saboda haka: maɗaciya. Kalma ɗaya, Hausa tsantsa, babu aro.

Uwar Biyu:
Allah gafarta Malam, maɗaciya ai tana cikin cikin akuya, manne da hanta. Ita muke cirewa a hankali ranar Sallah kar ta fashe ta ɓata nama.

Malam Nahawu:
Hajiya, kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana biyu. Gari na tuwo da gari na zama, wa ya taɓa ruɗewa?

Ɗan Fagge:
Waɗannan ai tsawon wasali ya raba su, Malam. Taka babu abin da ya raba ta da ta akuya.

Abu Sumayya:
Ni tambayata daban. Duk kalmomin da Hausa ke nema, na likitanci, na shari'a, na kwamfuta, sai giyar Turawa ce za mu taru mu raɗa wa suna? Giya giya ce, haramun ce. Ka ce giya ka wuce.

Tafintan Rediyo:
Na ji, Malam, ni ma ba na sha, kuma ba talla za mu yi ba. Amma labarin ba zai tafi da "giya" kaɗai ba. A ƙarshen 2006 babban kamfanin da ya mallaki wata mashaya a Luwis mai suna Lewes Arms ya cire ta Harvey's daga kanta don a sha tasa. Mutanen gari suka ƙaurace wa wurin, suna tsayuwa a ƙofa cikin sanyin hunturu, har kamfanin ya sauko ya mayar da ita a watan Afrilun 2007. In na ce "an cire giya an sa giya, sai jama'a suka yi bore", wa zai gane? Labarin gari ne da abin da yake ganin nasa ne.

Jikan Bamaguje:
Ku ba ni wuri, kakata ta dafa burkutu har ta tsufa. Abin da Baƙon Biraitin bai faɗa ba shi ne ya fi kama da namu. Irin wannan giya ba a kashe ta kafin ta bar gida. Da yistinta a raye ake ɗura ta a ganga, tana ci gaba da nuna a ɗakin ƙasa na mashaya, a janyo ta da famfon hannu, ba a sa mata iskar gas. Ba ta da sanyin firji, sanyin randa gare ta, wajen digiri 12. In an buɗe ganga, kwana uku zuwa huɗu ta yi tsami. Haka burkutu yake, yana tsiwa a tukunya ake sha, ya kwana biyu sai a zubar. Ni da "burkutun Turawa" zan ce, kowa ya gane.

Malam Nahawu:
Burkutu dawa ne, kuma tsami gare shi ba ɗaci ba. Kar mu haɗa ɗaci da tsami da bauri a kwano ɗaya, kowanne da gurbinsa a harshe. Maɗaciya dai.

Baƙon Biraitin:
Gaskiyar Jikan Bamaguje kan gangar. A kanta ne ma aka kafa ƙungiyar CAMRA mai fafutukar kare giyar ganga a 1971, lokacin da manyan kamfanoni suka koma giyar da aka tace aka cusa wa gas. Amma Bature ya ji ka ce burkutu, ya ga hoton ƙwarya da kumfa mai kauri, zai ce ba ita ba ce. Tasu garau take, kana hango yatsanka ta bayan kofi.

Ta Maraɗi:
Ina karatu ina dariya. Kullum in za a yanke wa Hausa hukunci sai a yi kamar iyakarta Kano da Kaduna. Shirin naku har nan muna kama shi. Mu Faransanci muka yi a lakwal, bita ba ta ce mana komai. Ku faɗi abin da tsohuwa a Tasawa za ta gane.

Ɗan Fagge:
Yaya, ai daidaitacciyar Hausa ta Kano ce, ba ni na ce ba.

Ta Maraɗi:
A takarda. Rediyo kunne ne.

Malam Nahawu:
Wannan shi ne ciwon. 'Yan jarida su ari kalma da safe, da yamma ta zama doka, mu da muka ƙare rayuwa a kan tsarin harshe ba mai tambayarmu. Haka aka yi mana da kalmomi da yawa.

Uwar Biyu:
An tambaye ka, Malam. Ka ba mu kayan ciki.

Tafintan Rediyo:
Jama'a, dare na yi. Akwai ta biyu ma, wurin da ake yin ta. "Kamfanin giya" ya yi mini girma, yana kawo hoton manyan masana'antun Kakuri. Wannan gini ne na jan bulo mai hasumiya a bakin kogin Uz, 'yan gari na yi masa kirari da majami'ar Luwis. Daga rijiyar da ke ƙarƙashinsa suke ɗibar ruwa, yistinsu ma iri ɗaya suke juyawa fiye da shekara 60, kamar yadda ake ajiye ɗan tsamin nono a zuba a na gobe. Ambaliyar shekarar 2000 ta shiga har ciki, suka gyara suka ci gaba.

Jikan Bamaguje:
Wannan mai sauƙi ce. Mu dafa giya muke cewa, su ma tafasawa suke yi a tukunyar tagulla. Gidan dafa giya. Kar ka ce gidan giya, wannan wurin sha ne.

Malam Nahawu:
Madafar giya ta fi tsari. Amma na yarda da dafawar.

Tafintan Rediyo:
To ga abin da zan yi. A farkon shiri: "giyar ganga mai ɗan ɗaci, wadda Ingilishi ke kira bitter". Daga nan sai "giyar ganga" har ƙarshe. Wurin kuma gidan dafa giya.

Baƙon Biraitin:
Sai dai fa akwai ta kwalba, kuma ba duk ta ganga ce bitter ba.

Tafintan Rediyo:
Na sani. Minti 7 gare ni, kuma rigimar Lewes Arms a kan ta ganga aka yi.

Abu Sumayya:
Ka dai faɗa musu haramun ce.

Malam Nahawu:
Kwatance ne wannan, ba suna ba. Na rubuta maɗaciya a littafina da kwanan wata.

Ta Maraɗi:
Ganga kuma, wadda ake kaɗawa ko ta mai?