Neman shawara: ya zan riƙe kwastomomina bayan an watse daga biki?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni mai ɗaukar hoto ne a Kano, shekarata 3 ina aikin biki: kamu, ɗaurin aure, dina. Damuwata ita ce, da na miƙa albam shi ke nan, zumunci ya yanke. Makon jiya na ga hotunan sunan ɗan wata amarya da na yi wa aiki bara, wani daban ne ya ɗauka. Abin ya sosa mini rai, don ta yaba aikina ƙwarai. Ina son in riƙa tuntuɓa, amma ina gudun a ce na cika naci. Ku ya kuke yi?

Wani dattijo a sana'ar:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, lambar wa ka ajiye? In ta amarya ce, tun nan ka kuskure. Yanzu matar aure ce, saƙon wani namiji babu dalili yana iya haɗa ta da mijinta. Ka riƙe lambar ango, da ta wadda ta biya ka kuɗin aikin, galibi uwa ce ko gwaggo ko babbar yaya. Ita ce za ta aurar da wata gobe, ita ake tambaya "wa ya yi muku hoto?" Ka gaishe ta da ƙaramar Sallah da babba, ka ambaci sunanta. Ya wadatar.

Wata mai kwalliyar amare:
Malam, ba ƙin ka suka yi ba. Suna kwana 7 ne bayan haihuwa, gida a hargitse yake, wanda ya fara faɗo musu a rai shi ake kira. Sai dai in ka taɓa ɗora hotonta a Instagram ba izini, to ga dalilinka nan. Mata ba ma manta wannan.

Wani daga Zariya:
Kada ka kwashe kwastomominka ka zuba a guruf, ficewa za su yi. Saƙon bai-ɗaya na WhatsApp yana ɗaukar mutum 256, amma sai wanda ya ajiye lambarka ne zai same shi, don haka ranar miƙa albam ka ce a ajiye. Kuma ka adana hotunan mutane. 15GB ɗin da Google Drive ke bayarwa kyauta nan da nan yake cika, ka sayi ma'ajiya ta daban. Wayoyi na ɓata, su dawo nema, in ka fito musu da hotunan ka gama saye zuciyarsu. Ni in aure ya cika shekara, nakan tura wa ango hoto ɗaya da bai shiga albam ba.

Dattijon ya ƙara:
Dabara ce mai kyau, amma ka fara bincikawa ko auren na nan. Na taɓa turawa, ashe wata 4 da rabuwa.

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Yaya, gaskiyarki, na ɗora hoton kamunta ban tambaya ba. Yanzu na sauke shi. Ta hannun mijin zan ba da haƙuri, ko ta gwaggonta?