Me ke shiga cikin dukiyar gado, me kuma ba ya shiga?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya, kuma tun ba a kai ga lissafin rabo ba mun kasa daidaitawa a kan abin da za a raba. Ƙaramar matarsa ta ce ya ba ta gidan da suke zaune a ciki kyauta, kuma akwai waɗanda suka ji ya faɗi haka, sai dai a cikin gidan ya ci gaba da zama har Allah ya karɓi ransa. Yayanmu kuma yana ganin kuɗin fansho nasa ne, tunda sunansa Baba ya rubuta a wurin aiki. Akwai kuma gonar gandu da Baba yake nomawa, wadda ba a taɓa raba ta ba tun rasuwar kakanmu. Malamai, wanne ne daga ciki yake shiga gado?

Ɗalibin fiƙihu:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri. Abin da ake rabawa shi ne abin da mamaci ya mallaka a lokacin da ya cika, kuma ko wannan ba a taɓa shi sai an fitar da haƙƙin da ya rataya a kan wani kaya, kamar jingina, sannan kuɗin sutura da binnewa, sannan bashi, sannan wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba.

Maganar gidan ita ce mai nauyi. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Arewa ke bi, kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta ta koma hannunsa kafin mai kyautar ya mutu ko ya kwanta cutar ajali. Mukhtasar na Khalil, sanannen littafin fiƙihun Malikiyya, ya bambanta al'amura biyu: idan mace ta ba mijinta gidan da suke ciki, kyautar ta tabbata ko da ba ta fita ba, amma idan miji ne ya ba matarsa kuma ya zauna a ciki har ya mutu, ba ta tabbata ba, domin samar da wurin zama wajibinsa ne, saboda haka zaman da ta yi a gidan ba a ɗaukarsa karɓar kyauta. Bisa abin da ka bayyana, gidan yana komawa cikin gado, su matan biyu kuma su raba tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas na gadon, a tsakaninsu. Ina roƙonku kada ku ƙaryata ta, domin mai yiwuwa gaskiya ta faɗa, kuma babu abin da ya hana magada baligai su bar mata nasu kason da yardarsu.

Gonar gandu kuwa, kason Baba kaɗai ne naku, don haka sai an fara raba gadon kakanku.

Tsohuwar ma'aikaciya:
Ɗana, ka fahimtar da yayanku cikin ladabi cewa sunan da ake rubutawa a takardar aiki na makusancin da za a tuntuɓa ne idan wani abu ya faru, ba ya mayar da mutum magaji shi kaɗai. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, kamfanin fansho ba ya sakin kuɗin da ke asusun mamaci sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, kuma wanda ya karɓa amana ce a hannunsa. Kuɗin albashin Baba ne da aka riƙa yanka, tare da kason da wurin aikinsa ke zubawa, don haka dukiyarsa ce.

Wani ɗan'uwa:
Ina so in ƙara da abin da ake yawan zaluntar iyaye mata a kai. Kayan ɗakin da mace ta zo da su, da dabbobin da ta saya da kuɗinta, ba gado ba ne ko da a gidan miji suke, kuma idan akwai ragowar sadakin da bai biya ba, bashi ne da za a ba ta kafin rabo. Haka nan ku binciki ajiyar mutane da ke hannunsa ku mayar musu, ku kuma bi bashin da yake bin wasu, domin shi yana shiga gado. Idan maganar gidan ta ƙi daidaituwa, ku kai ta gaban alƙali tare da shaidun da suka ji kyautar, tun kafin wani ya sayar da wani abu.