Baitin Kaka a Bakin Jika

Bakaben Argungu:
Sallama 'yan'uwa, ga ni da tambaya,
waƙar fada ta da nike ta bibiya.
Kotso na tashi, 'yan amshi na karɓi,
sai ga "arna" tsulum a tsakiya.
In kwafe shi duka, ko in bar gurbi?
Ba ni son baitin kaka shi ja hayaniya.

Malam Na-Gummi:
Ƙanena, yadda kaj ji, haka za ka rubuta shi,
zambo makamin yaƙi na, tamkar mashi.
A 1805 Birnin Kabi yaf faɗi ga masu jihadi,
ku ma Kabawa an sha jifan ku da shi.
Wanda duk yag goge baitin ga,
shaida yab binne, bai binne zafin shi.

Ɗiyar Zuru:
Malam, da girmanka, bari in tanka kuwa,
kai takarda kaka dubi, ni ko kasuwa.
Na kai dawa, muna ja-in-ja bisa mudu,
mai awo yac ce, "Arniya, ba ki ganewa."
Bai tambayi masallaci nika zuwa ko coci ba,
tsagar fuskata kaɗai shika dubawa.
Yaran da ka dariya gefen buhuna,
a waƙa sunka koye shi, suna ta rerawa.
Yaƙinku ya ƙare tun tuni, Malam,
nawa duk ran kasuwa shika dawowa.

Jauron Bunza:
Ni da Babarbare kullum muna wasa,
in ce mai bawana, shi rama, mu yi dariya.
Wanga ko ba barkwanci ba ne, Malam,
mai faɗi na murna, mai ji na ƙunar zuciya.

Malam Na-Gummi:
Ɗiyata, ban ce a hau dandali da shi ba.
Littafi nic ce, ban ce kalangu ba.

Bakaben Argungu:
To zan rubuta, ƙasa in sa bayanin shi,
wa yay yi, kan wa, da yaƙin da yaj ja shi.
A 1934 Sarkin Musulmi Hassan yaz zo,
anka yi su Argungu, gaba tak kwanta da zuwan shi.
Don haka gaɓar kogin Matan Fada, ranar biki,
ko an roƙe ni, ba ni rera shi.

Ɗiyar Zuru:
Yaya, turo bayanin in fara dubawa,
kahin shi kai hannun jama'arku.
Kuma ka zo bikinmu na Uhola bana da alƙalaminka,
mu ma akwai baitin da kaka tay yi kanku.