Batir za mu rage ko kafasita?

Injiniya Sani: Assalamu alaikum. Muna zanen na'urar da ake dasawa a ƙirji, mai ba zuciya shokin idan bugunta ya rikice. Ana so kada girmanta ya wuce cc 30 (cc ma'aunin girman wurin da abu ke ci ne), kuma ta kai shekara goma. Batir da kafasita (abin da ke tara wuta ya sake ta lokaci guda) ne suka cinye wurin. Wanne za mu taɓa?

Dakta Hauwa: Wa'alaikumus salam. Injiniya, ku bar batir yadda yake. Idan ya ƙare sai an canja na'ura, duk canjin na'ura kuwa sabon yanka ne, kuma ƙwayoyin cuta sun fi shiga a canji fiye da dashen farko.

Malam Isa: Kafasitar ma ba a matse ta haka kawai. Batirin bolt 3 ne, ita ke tara wutar zuwa bolt 700 ko 800, ta saki jul (ma'aunin ƙarfin shokin) 35 zuwa 40 lokaci guda. Ku duba ta ƙarfen tantalum, ta fi ta alminiyum riƙe wuta a ƙaramin wuri. Idan kuka ƙanƙanta batir, yana tsufa caji zai riƙa jinkiri, alhali mara lafiya yana sume.

Hajiya Rabi: Kuna ta zancen akwati, wayar da ke shiga zuciya fa? Son sirantawa ne ya haifar da wayar Sprint Fidelis, wadda kamfanin Medtronic ya janye a 2007. Tana tsagewa, na'ura ta ɗauki hayaniyar a matsayin mugun bugu, ta yi ta zabga wa mutum shokin idonsa biyu. Cire wayar da ta manne a jijiya kuma babban haɗari ne.

Malam Isa: Hajiya, tambayarsa kan batir ce. Na litiyum da manganis yana wuce shekara goma.

Dakta Hauwa: A takarda. Wanda na'ura ke saita masa bugu dare da rana ba zai ga goman ba. Mai ganin marasa lafiya ya kamata a saurara.

Malam Isa: Dakta, mai ƙerawa ma ya san abin da ya saka a ciki.

Auwal: Na'urar farko a 1980 a sashen ciki ake dasa ta, ba a ƙirji ba, saboda girma, ku koma can kowa ya huta!

Hajiya Rabi: Akwai na'urar da wayarta ke zama ƙarƙashin fata, ba ta shiga jijiya, sai dai jul 80 take buƙata, shi ya sa ta kusa cc 60.

Dakta Hauwa: Abin da ya fi ci min rai, kowane kamfani da irin lissafinsa na shekarun batir. Ta yaya likita zai kwatanta?